Zaɓen biron sandikarmu a Tawa, da littafin ma'aji da na gani da idona

Ran asabar da ta wuce munka yi zaɓen sabon biro na reshen sandikarmu ta ƴan jarida nan Tawa, kuma tun ranar abin ke cina a rai, ko kwanciya na yi sai in riƙa ganin kujerun nan da babu kowa bisansu. Na ce bari dai in rubuta in sauke abin da ke cikin cikina, wanda maganar ta taɓa shi yi haƙuri don Allah, da mu duka nike, har da ni.

An sa ƙarfe tara na safe. Na iso tara saura na tarda ma'ajinmu da wani yaro teknisiyen suna jera kujerun roba da anka ɗauko haya, guda sittin, don gurup ɗinmu na WhatsApp mutanen ciki sun fi haka yawa, kuma sati biyu ana ta tura sanarwa kowa na amsawa da insha Allahu muna tafe. Goma ta yi mu tara ne. Sha ɗaya ta yi wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, munka jawo kujeru munka koma ƙarƙashin iccen dogon yaro da ke tsakar gidan. Lokacin da anka buɗe taro wajen sha biyu saura na ƙirga mu da kaina, mu goma sha tara ne, har da wani abokin aikinmu da ya taso daga Ƙonni tun yammacin juma'a, ya biya mota da kuɗɗin aljihunshi ya kwana gidan ɗan'uwanshi a Wadata. Na Ƙonni ya zo, amma akwai wanda tsakanin gidan rediyonsu da wurin taron bai kai minti biyar bisa moto ba, har munka watse ba mu ga ƙeyarshi ba.

Na san inda da yawa sunka tahi, abin ba a ɓoye yake ba. Wani poroje ne ya shirya atiliye a otel ranar, akwai perdiyem jika biyar da abincin rana. Kuma wallahi ba ni zaginsu. Mutumin da ya yi wata uku bai ga albashi ba, ga mai gida na jiran kuɗɗin haya, ga lakwal ɗin yara, ga moto babu esansi, in ka ce mishi shi bar jika biyar shi zo shi zauna cikin zafi don a zaɓi sakatare, sai ka yi tunani sau biyu kafin ka kira shi marar kishi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne atiliyen an tashi ƙarfe ɗaya, mu kuwa sai bayan la'asar munka jefa ƙuri'a, an tura musu saƙo an sake turawa, mutum biyu kaɗai sunka biyo ta wurinmu. Lokacin da ake zaɓe da majalisa, mu ne ke kwana gaban rumfunan zaɓe ranar zaɓen ƙasa muna ƙirga wa mutane ƙuri'a a rediyo, mu ne ke cewa talakawa ku fito ku karɓi katinku, mu ne ke tsare ɗan majalisa da tambaya a kan mi ya hana shi zuwa zaman majalisa. Laifi tudu ne dai.

To amma ba kujerun ne sunka sa ni rubutu ba, littafin ma'aji ne. Dokarmu ta ce wanda bai biya kotizasiyo ya cike ba ba shi da ƙuri'a, kuma kotizasiyon jika guda ne a wata. Da yake an sa ni cikin mutum uku da za su tantance masu zaɓe, sai anka miƙo mini littafin, kaye ne irin na ƴan lakwal mai bango shuɗi, kowane suna da layinshi, kowane wata da gidanshi. Ina buɗawa na ga watanni sun jeru fari fat, Janairu babu, Fabarairu babu, haka har ƙasa, sunan mutum huɗu ko biyar ne kawai ake ganin alama wata bayan wata da alƙalami iri iri, yau shuɗi gobe baƙi, ka san wanga da hannunshi yake zuwa shina biya. Sai can gefe na ga wasu sunaye an cike musu wata shida, wata takwas, har da mai shekara guda, duka da jan alƙalami guda, duka ran alhamis, kwana biyu kafin zaɓe. Na ɗaga kai na dubi ma'aji, bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce Malam ni dai kuɗɗi anka kawo mini da sunaye na rubuta, doka ba ta ce in tambayi daga aljihun wa sunka fito ba. Kuma gaskiyarshi, dokar ba ta ce ba.

Kowa ya gane abin da ya faru. Ƴan takara ne ke biya wa mutane bashin kotizasiyo don su samu ƙuri'a. Ɓangarorin biyu duka sun yi, kada wani shi ce ina nuna ɗaya da yatsa. In ka lissafa abin da mutum zai kashe shi saye reshen ƴan jarida na jaha guda bai kai kuɗɗin ragon layya ba.

Cikin waɗanda anka cike ma wata shida akwai wata ƙanwata, ba uwa ɗaya uba ɗaya ba, ƙanwa ta aiki, ita ke karanta labaru da Hausa da yamma a wani gidan rediyo na nan garin, muryarta kowace mata a Adar ta san ta. Shekara huɗu tana aikin har yau sitajiyer ake ce mata, babu kontira, babu lambar CNSS ta asusun fanshon ma'aikata, abin da ake ba ta ƙarshen wata in an ba ta bai kai jika ashirin ba, alhali albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne, da can ma sefa 30.047 ne ba ta taɓa ganin ko shi ba. Da anka tashi sallar azahar ta jawo ni gefe wajen randar ruwa, murya ƙasa ƙasa ta ce Yaya ina da tambaya, wane ya biya mini jika shida, ni kuma a raina ba shi nike so ba, in na zaɓi ɗayan na ci amana? Na yi shiru na ɗan lokaci don tambayar ta yi mini nauyi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole shi yi mishi aski, kuma yarinyar nan da wannan tarbiyyar ta tashi, ba ta iya cin kuɗɗin mutum ta juya mishi baya, abin yabo ne a wurinta, shi kuma wanda ya biya ya san da haka shi ya sa ya biya. Na ce mata ƙanwata jika shidan bashi ne, in Allah Ya hore miki ki maida mishi ko da kaɗan kaɗan, amma ƙuri'arki ba ta cikin cinikin, ki rubuta wanda kike ganin ranar da mai gidan rediyonku ya ce kada ki sake zuwa shi ne zai ɗauki waya shi kira shi. Ban tambaye ta wa ta zaɓa ba, ba kuma za ni tambaya ba.

Na iya ba ta wagga amsa ne don ni ma an taɓa biya mini. Shekarun baya ne, ina sabon shiga, wani babban yayanmu ya cike mini wata tara ana gobe kongire, na zaɓe shi, kuma shekara uku cur duk abin da ya yi wanda ban gamsu da shi ba sai in kasa buɗe baki a taro, in na ɗaga hannu sai in tuna in sauke. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, ni kaɗai na san abin da ke ɗaure da harshena. Tun daga nan na yi wa kaina alkawali ko kiredin waya zan rasa sai na biya jikata da hannuna.

Bayan salla sai maganar konsansis ta taso, kaman kullum. Dwayen ɗinmu, dattijo ne da kowa ke ganin girmanshi kuma ya cancanta, tun zamanin da Voix du Sahel kaɗai ke magana a ƙasar nan yake aikin, ya miƙe ya ce kamarad mu ba mu da yawa, ga zafi, kuma dukanmu ƴan uwan juna ne, ƙuri'a raba kai take kawowa, mu sasanta kawai. Kafin a ce mi sai ga wani ya zaro takarda daga aljihu, sunaye tara an riga an jera, sakatare janar, mataimaki, ma'aji, mai yaɗa labaru, har masu binciken kuɗɗi an riga an zaɓa musu waɗanda za su bincike su. Wurin ya yi tsit, kowa na jiran wani shi fara. Mutumin Ƙonni ne ya miƙe, ya cire hularshi ya riƙe a hannu ya ce ranka shi daɗe Dwayen, da girmanka da komi, ni na biya mota zuwa kuma zan biya ta komawa, na baro shirina na safe wani ya riƙe mini, in dai an riga an gama magana a fada da daddare da sai a gaya mini in yi zamana gida. Bai ɗaga murya ba, kuma Dwayen Allah Shi saka mishi da alheri bai ji haushi ba, ya yi murmushi ya ce yaro ya yi gaskiya, a kawo kwali.

Ni ba ni ƙin sasantawa. A ƙasarmu abubuwa da yawa da ita ake kashe su kuma tana da albarka, rigimar gona, rigimar aure, har rigimar manoma da makiyaya. Amma sasantawar da anka yi ba da kai ba, anka zo anka karanta maka, ka rasa yadda za ka ce a'a don wanda ya karanta ya girme ka ko shi ne ya samo maka aiki, wannan kunya ce kawai ta rufe maka baki. Ƙuri'ar ɓoye ita kaɗai ke ba yarinya irin ƙanwata damar faɗin abin da ke ranta ba tare da ta dubi idon kowa ba. Kwalin sabulu munka samo a kantin maƙwabta, munka huda bakinshi da wuƙa, munka yage takardu daga tsakiyar kaye, kowa ya tahi bayan iccen shi kaɗai ya rubuta ya naɗe ya jefa. Da anka zo ƙirga ana ɗaga kowace takarda sama kowa shi gani ana jan layi bisa allo. Abin bai ɗauki minti arba'in ba. Kuma abin da ya fito daga kwalin ya bambanta da takardar aljihu a wuri uku.

Wani zai ce to miye a ciki, biron sandika na jaha, ba albashi ba mota. Yaran da sunka shigo aikin kwanan nan su ne sunka fi yi mini wagga tambaya, kuma ba ni ganin laifinsu don ba wanda ya zaunar da su ya ba su labari. Aikin nan da muke yi ba haka anka tarda shi ba. Kafin 1990 jarida da rediyo duka na gwamnati ne. Jaridar Haske ta Ibrahim Cheick Diop ita ta fara fitowa mai zaman kanta a 1990, shekarar da anka kashe ɗalibai bisa gadar Kennedy a Yamai ran 9 ga Fabarairu, kuma yajin aikin haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago USTN da gwagwarmayar ɗalibai su sunka tura ƙasar har zuwa babban taron ƙasa da anka buɗe ran 29 ga Yuli 1991 anka rufe 3 ga Nuwamba. Rediyoyi masu zaman kansu irin su R&M da Anfani sai tsakiyar shekarun 1990 sunka fara. Da anka kama ɗan jarida Musa Kaka a Satumbar 2007 ya fi shekara guda a tsare, ƙungiyoyin ƴan jarida na gida da na waje ba su bar sunanshi ya ɓace ba har ya fito a Oktobar 2008. A 2010 lokacin riƙon ƙwarya na Salu Jibo anka yi babban zama na ƴan jarida, daga nan dokar 4 ga Yuni 2010 ta fito wadda ta cire ɗauri a kan laifin aikin jarida, kuma ran 30 ga Nuwamba 2011 shugaba Mahamadu Isufu ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain mai kiran a soke dokokin hukunta ƴan jarida kan ɓata suna da zagi, shi ya sa ranar ta zama ranar ƴancin jarida ta ƙasa. Duka waɗanga abubuwa akwai mutane da sunka zauna taro bayan taro, sunka rubuta takardu, sunka bi ofis ofis, kuma da sunan ƙungiya sunka shiga ofisoshin nan, da sunan kansu ko mai gadi ba zai buɗe musu ba.

Kuma kujerun na da nauyi fiye da yadda muke zato. Tsarin mulkin 2010 ya ba hukumar sadarwa CSC mambobi 15, uku ƙungiyoyin kafofin labaru masu zaman kansu ke zaɓensu, uku sandikokin ma'aikatan kafofin gwamnati, kowane ɓangare da mace aƙalla guda. A wancan lokacin hukumar nan ita ke ba da katin ɗan jarida, ita ke ba rediyo izinin watsa shiri, ita ke raba kuɗɗin tallafin jarida. Ke nan a wancan tsarin wanda ka bari anka zaɓa da jan alƙalami a reshenku shi ne ke tahiya kongire da sunanka, can shi zaɓi biron ƙasa, biron ƙasa shi zaɓi wanda zai zauna inda ake yanke hukunci a kan katinka. Tun bayan 26 ga Yuli 2023 da anka dakatar da tsarin mulkin abubuwa sun canza, a Janairun 2024 ma'aikatar cikin gida ta dakatar da Maison de la Presse ta Yamai, wadda ta haɗa ƙungiyoyin ƴan jarida, ta kafa kwamitin riƙo, a Yunin 2024 kuma anka maido da ɗauri cikin dokar laifukan intanet bayan an cire shi a 2022 a kan ɓata suna da zagi. Kowa da ra'ayinshi a kan waɗanga matakai kuma ba su na zauna rubutawa ba yau. Abin da nike cewa shi ne lokacin da saƙo guda da ka tura a Facebook ko WhatsApp zai iya kai ka gaban alƙali, lokacin ne ka fi bukatar ƙungiyar da in ta ce muna magana da sunan ƴan jaridar Tawa, gwamna ko kwamishinan ƴan sanda ya san da gaske akwai mutane a bayanta. Su ma suna da kunne, sun san mu nawa munka zo ran asabar.

Sai maganar yarjejeniyar aiki, konbansiyo kolektib, da anka sa ma hannu a Yamai ƙarshen 2021 bayan shekara da shekaru ana jan ta. Na tambayi mutanen da ke ƙarƙashin iccen nan wa ya taɓa riƙe takardar a hannunshi ya karanta, mutum uku sunka ɗaga hannu. Takarda ba ta da ƙafa, ba ta zuwa da kanta ta shiga ofishin patoro ta ce a yi wa wance kontira. Sai an samu sakataren da zai ɗauke ta shi je, in an ƙi shi wuce wurin sufeton aiki, kuma sakataren da zai iya haka dole shi kasance ba a aljihun patoro yake ba. Nan ma akwai wata matsala da muke ta kewaye ta don kunya, cikinmu akwai waɗanda sun riga sun buɗe nasu gidan rediyo ko shafin labaru sun ɗauki yara aiki, amma har yanzu suna riƙe da katin sandika suna zaɓe har suna neman kujera. Mutanen kirki ne da yawansu, na kuma san wahalar da suke sha, talla ta yi ƙaranci, kuɗɗin wuta da haraji na cin su. Amma masu gidajen jarida suna da nasu ƙungiyoyi irin su ANEPI, can ne wurinsu. Yaro ba zai iya miƙewa a taro shi ce wata uku ba a biya ni ba alhali wanda bai biya shi ba shina zaune bisa teburin shugabanni shina riƙe da mikro.

Akwai kuma abin da ya daɗe shina damuna, harshen taro. Mu goma sha tara, dukanmu muna jin Hausa, har Buzun cikinmu da Bafillatanin cikinmu da ita muke hira kullum, amma da anka ce an buɗe zama sai kowa ya juye Faransanci, kamarad pirezidan, pwan dordur, moshiyo. Nan take rabin wurin ya yi shiru. Animatocin da ke shiri da Hausa da Tamashek da Fulfulde, waɗanda in gaskiya za a bi su ne jama'ar Buza da Keita da Illela da Abalak ke saurare, su ne ke jawo wa gidajen rediyon sanarwar aure da suna da ake biyan albashi da ita, sai su zama ƴan kallo a taron ƙungiyarsu. Wasu ma sun daina zuwa don haka, ɗaya ya taɓa ce mini Malam taronku na masu digiri ne. Har yanzu akwai masu ganin wanda bai bi ta IFTIC, makarantar koyon aikin jarida ta Yamai, ba ba ɗan jarida ba ne, mai surutu ne kawai, alhali bawan Allah ya yi shekara goma sha biyar shina fassara labaru daga Faransanci zuwa Hausa kai tsaye gaban mikro ba tare da ya rubuta ba, aikin da masu digirin da yawa ba su iyawa. Kundin da anka ƙaddamar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, mu kuma a Tawa, tsakiyar Adar, muna jin nauyin yin taron sandika da ita. Ran asabar sai da ƙanwata ta ce don Allah a maimaita mata dokar zaɓen da Hausa sannan anka juya, kuma daga lokacin ne mutanen da tun safe ba su ce uffan ba sunka fara ɗaga hannu, har wani dattijon teknisiyen ya kawo maganar asusun taimakon mara lahiya wadda ita ce magana mafi amfani da anka yi ranar.

Mata huɗu ne sunka zo. Takardar aljihu kujera guda ta ba su, mai kula da harkokin mata, kaman kullum. Kwali ya ba ɗaya daga cikinsu ma'aji.

Nisa ma na cin mu. Daga nan zuwa Yamai kilomita wajen 550 ne, ka bi ta Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, yini guda cikin bas, ga kuɗɗin mota zuwa da dawowa ga masauki. Duk lokacin kongire sai a ce reshe shi turo wakilai biyu ko uku, asusu kuwa babu komi tunda ba mu biya, to wa zai biya musu mota? Ɗan takarar biron ƙasa. Ka ga jan alƙalamin nan ya sake dawowa, sai dai wannan karon tikitin bas ne da ɗakin kwana. Muna yawan kukan cewa mutanen Yamai sun mai da mu saniyar ware, ba a tuna mu sai zaɓe ya zo, kuma akwai gaskiya a ciki, amma mu ma abin da muke yi wa na Madawa da Cintabaradan da ƴan rediyon karkara ke nan, muna sa taro a Tawa ƙarfe tara na safe kaman kowa a unguwar Bilbis yake kwana. Ba a fafe gora ranar tahiya. In da jika gudan nan na shiga kowane wata daga mutum hamsin, da reshe ya biya wa wakilanshi mota da kanshi su je su zaɓi wanda munka ce su zaɓa, su dawo su yi mana bayani, har a rage abin kai wa wanda ke kwance asibiti.

Sabon sakataren da anka zaɓa ba shi na zaɓa ba, na faɗa mishi a gaban kowa na kuma yi mishi barka da zuciya ɗaya, don ƙuri'a ce ta ba shi, an ƙirga a gabana. Kafin a yi addu'ar tashi munka roƙi sabon biro abubuwa kuma anka rubuta cikin takardar zama. Mutumin Ƙonni ya ce kowane ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin littafin ma'aji a sa cikin gurup kowa shi ga wa ya biya wa bai biya ba da abin da ya fita. Ni na ce a gyara doka, wanda zai yi zaɓe sai ya cike kotizasiyonshi wata uku kafin ranar, kuma da hannunshi ko daga lambar wayarshi, tunda yanzu ga NITA ga Amana ko kana Abalak kana iya turowa. An yi gardama a kan wanga sosai, wani ya ce ai hana talaka zaɓe ne, wanda ba shi da albashi ina zai samu jika kowane wata, kuma maganarshi ta shige ni don gaskiya ce, sai anka tsaya a kan cewa sitajiyer da wanda ba shi da kontira dala hamsin za shi biya a wata. Gyaran dokar sai ya bi ta biron ƙasa kafin shi tabbata, sakatare ya ce zai aika da takarda cikin satin nan, ni kuma na ce mishi zan riƙa tambayarshi a gurup duk juma'a har sai na ga amsa, ya yi dariya ya ce ya yarda.

Jiya da dare sabuwar ma'ajiya ta turo hoton shafin farko, ta sayi sabon kaye ta ja layuka da rula. Mutum bakwai sun biya na wanga wata, sunan ƙanwata ne na uku, kuma ba dala hamsin ta biya ba, jika guda ta kai cif. Na kira ta na ce ai an rage muku, ta ce ta sani Yaya, wanga watan dai tana da shi. Taro na gaba an sa shi asabar ta farko ta watan gobe a Ƙonni, da Hausa za a yi, waɗanda za su tashi daga nan mu haɗu a tasha ƙarfe bakwai, wanda ba shi da kuɗɗin mota shi yi wa ma'ajiya magana tun yanzu a ga abin da asusu zai iya.